Darasin Wannan Wata: Idan Giyar Mota Mai Otomatik Ta Maƙale A Kan P

A da, duk wanda ya koyi tuƙi a ƙasar Kankiya da Kusada da giyar hannu ya koya. Motar da aka fi sani ita ce Fijo 504, wadda a wancan lokacin ake harhaɗawa a Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975. Abubuwan takawarta uku ne: kuloci da birki da totur. Idan batir ya mutu sai a kira samari su tura, ta tashi.

Yanzu zamani ya kawo motocin hannu daga Amurka da Turai, ta tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano. Da yawa daga cikin Toyota Corolla da Camry da Honda Accord da ake gani a hanyar Katsina zuwa Kano masu otomatik ne, wato masu canja giya da kansu. Ba su da kuloci. Abubuwan takawarsu biyu ne kawai. Ba sabuwar ƙira ba ce, don tun wajen 1940 kamfanin General Motors na Amurka ya fara sayar da irinsu. Zuwansu ƙauyukan nan ne bai daɗe ba.

Irin wannan mota tana da daɗin tuƙi, amma tana da wani hali da ke rikita wanda bai san ta ba. Mutum zai shiga, ya murɗa makulli, inji ya tashi lafiya lau. Ya kai hannu ga sandar giya, sai ta ƙi motsi, kamar an kafe ta da ƙusa. A gari irin Sukuntuni wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wani lokaci motar nan ita kaɗai ce a unguwa. Idan naƙuda ta yi wa mace tsanani da dare, ko maciji ya sari yaro a gona, ita za a ɗauka zuwa babban asibitin Kankiya. Makaniken da ya san otomatik kuwa ba a bakin ƙofa yake ba.

Abin da mutane suka fi yi a wannan hali shi ne sa ƙarfi. Wannan kuskure ne mai tsada. Sau da yawa abin da ya lalace ɗan ƙanƙane ne, bai kai girman ɗan yatsa ba. Amma wanda ya fizgi sanda da ƙarfi zai iya karya kanta, ko ya tsinka igiyar ƙarfen da ke ƙarƙashinta.

Haruffa huɗu

A gefen sandar giya akwai haruffa a jere. Huɗu ne manya: P, R, N, D. Ɗaliban ajin yaƙi da jahilci sun san R da N da D. Harafin P kuwa baƙo ne, don ba ya cikin baƙaƙen Hausa da ake koyarwa a aji. Kamanninsa kamar R ne da aka cire wa ƙafa ɗaya. Shi ne na farko a jerin.

P na fakin ne, wato ajiye mota. R na ribas ne. N shi ne firi. D na tafiya gaba ne. Injin mota mai otomatik ba ya tashi sai sanda tana kan P ko N. A riƙe wannan, za a bukace shi nan gaba.

Sakata biyu

Idan aka kai sanda kan P, abubuwa biyu ne suke kulluwa, kuma ba wuri ɗaya suke ba.

Na farko yana can cikin giyabos. Akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora wanda ke juyawa tare da tayoyi. Kusa da shi akwai ɗan ƙarfe mai kama da sakatar ƙyaure. Da an sa P, sai sakatar ta faɗa tsakanin haƙoran, tayoyin da ke jan mota su kasa juyawa.

Na biyu yana nan ƙarƙashin sandar giya, kusa da hannun direba. Wata 'yar sakata ce da ke hana sandar barin P. Abin da ke janye ta wani ɗan maganaɗisu ne mai aiki da wutar batir, makanikai suna ce masa solonoyid. Ba ya janye sakatar sai ya sami saƙo cewa an taka birki. Mai aiko saƙon kuwa shi ne wani ɗan makunni da ke saman abin taka birki. Wannan makunnin dai shi ne ke kunna wutar birki, wato jan fitilun baya da ake kira danja.

Da gangan masu ƙera mota suka sa wannan sakata ta biyu. A shekarun 1980 an yi ta kai ƙarar kamfanin Audi a Amurka, ana cewa motarsa tana zabura da kanta da an sa giya. Binciken hukuma ya nuna cewa mafi yawa direbobi ne ke taka totur suna zaton birki suka taka. Daga nan kamfanoni suka fara sa sakatar da ba ta buɗuwa sai ƙafa tana kan birki. Daga baya aka lura da wani haɗarin kuma: yara suna wasa cikin mota, su ja sanda, mota ta gangara ta taka wani yaron. Sai Amurka ta yi doka cewa daga 1 ga Satumba 2010 tilas sababbin motoci masu otomatik su zo da ita. Wato ke nan idan sanda ta ƙi motsi, yawanci sakatar tana kan aikinta ne, saƙon birki ne bai iso gare ta ba.

A fara da kunne da ido

Direba ya zauna, ya ja birkin hannu. Ya murɗa makulli har fitilun gaban sitiyari su kama. A yawancin motoci sakatar ba ta buɗuwa idan makulli bai kai nan ba. Idan makullin kansa ne ya ƙi murɗuwa, to sitiyari ne ya ɗaure. Sai a riƙa girgiza sitiyarin dama da hagu a hankali, ana murɗa makullin, zai saki.

Daga nan a kashe rediyo, a ce wa jama'a su yi shiru. A taka birki sosai, a saki, a sake takawa, ana kasa kunne kusa da sandar giya. Idan komai lafiya, za a ji 'yar ƙara, ƙas, duk sa'ad da aka taka. Ƙarar janyewar sakata ke nan. A kuma duba ƙasan abin taka birki. Wani lokaci shimfiɗar ƙafa ce ta naɗe, ko gorar ruwa ta gangaro ta tokare shi, bai taku yadda ya kamata ba.

Idan ba a ji ƙarar ba, sai a sa wani ya tsaya a bayan mota, daga gefe, ya dubi danja. Ko yaro zai iya wannan aiki. Idan dare ne kuma babu kowa, hasken ja zai nuna a jikin katanga ko a ƙasa. Wannan gwaji bai ɗaukar minti ɗaya, amma shi ne ke raba gardama. Idan an taka birki danja ba ta kama ba ko ɗaya, to laifin yana wajen fiyus ko wajen makunni. Ba ruwan giyabos. Duk makaniken da ya ce a sauke giyabos alhali bai dubi danja ba, a yi masa godiya a nemi wani.

Fiyus

Fiyus wani ɗan abu ne na roba mai launi, mai ƙafafun ƙarfe biyu. A cikinsa akwai siririyar waya. Idan wuta ta yi yawa, wayar ce ke ƙonewa don ta tsare sauran kayan mota. Akwatin fiyus yakan zama biyu: ɗaya a ƙarƙashin sitiyari wajen gwiwar direba, ɗaya kuma a gidan inji kusa da batir. A jikin murfin akwai zane mai nuna aikin kowanne. A motoci da yawa, musamman na Japan, na wutar birki an rubuta masa haruffa huɗu: STOP.

A kashe mota, a zaro shi, a ɗaga shi ga haske. Idan wayar ciki ta tsinke ko ta yi baƙi, ya ƙone. A bayan kowane fiyus akwai lamba, kuma launi yana tafiya da lamba. Ja 10 ne. Shuɗi 15 ne. Rawaya 20 ne. Mai ruwan ƙasa 7.5 ne. A mayar da mai lamba daidai da wanda aka cire. Sau da yawa akwai na ajiya a cikin murfin akwatin. Idan babu, kuma ga mara lafiya, ana iya aro mai lamba ɗaya daga wurin da ba dole ba ne, kamar na rediyo, kafin a sayi sabo.

Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare a tasha: a naɗa waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a madadin fiyus. Wannan ba gyara ba ne. An cire mai gadi ne an bar gida a buɗe. Ran da wayoyi suka haɗu, maimakon fiyus ya ƙone, wayoyin mota ne za su kama wuta.

Idan an sa sabon fiyus ya sake ƙonewa nan take, kada a ci gaba da sa wani. Akwai wayar da ta saluɓe tana taɓa jikin mota. An fi samun haka a baya, wajen fitilu, inda buhunan hatsi da kayan kasuwa ke gogar wayoyi a cikin but, ko inda aka sa ƙwan fitilar da ba nasa ba. Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne, wanda ake kira rewaya.

Makunnin birki

Idan fiyus lafiya yake amma danja ba ta kamawa, a leƙa saman abin taka birki da tocila. Za a ga ɗan makunni mai wayoyi, da ɗan tsinke a bakinsa wanda ke shiga yana fita idan an taka birki. A duba ko abin da ke haɗa wayoyin ya zare, don girgizar hanyar burji takan sassauta shi. Idan ya zare a mayar har a ji ya kama. Idan yana nan daram, to makunnin ne ya mutu, sai sabo. Sa shi ba ya cin lokaci. Mai zuwa saye, a Katsina ne ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tafi da tsohon a aljihu, don suna kama da juna amma ba duka ne ɗaya ba.

Masu tsofaffin Honda su lura da wani abu. Akwai 'yar roba kamar maɓallin riga da tsinken makunnin ke dannawa. Idan ta tsufa takan farfashe, a ga gutsattsarinta a kan shimfiɗar ƙafa. Idan haka ta faru danja ba ta mutuwa, ko an cire makulli. Sai ta kwana a kunne ta shanye batir. Da safe mota ba ta tashi, sanda kuma ba ta motsi.

Batir kuwa, alamarsa a fili take. Fitilun gaban sitiyari suna dushewa, hon ba shi da murya. A duba kan batir ko ya yi sako-sako, ko farin gari ya taru a kai. A goge, a ɗaure. Kada a wahalar da samari da turi. Mota mai otomatik ba ta tashi da turi. Sai dai a kawo wani batir, ko a ja wuta daga wata mota.

Idan danja tana kamawa amma ba a jin ƙas ɗin nan, to mai yiwuwa maganaɗisun ne ya mutu ko wayarsa. Idan kuma ana jin ƙarar amma sanda ba ta motsi, a duba maɓallin da ke jikin kan sandar, ko yana dannuwa har ƙarshe. Ƙurar hunturu da lemon kwalba ko kunun da ya zube sukan haɗu su daskare a ramin sanda. Tsabar kuɗi, ɓawon gyaɗa ko ƙwallon dabino ma sukan faɗa su tokare.

Ƙofar gaggawa

Masu ƙera mota sun san sakatar za ta iya ƙin buɗuwa wata rana. Saboda haka suka bar hanyar janye ta da hannu. A kusa da sandar giya, yawanci wajen harafin P, akwai ɗan murfi wanda bai wuce faɗin farce ba. A wasu motocin an rubuta SHIFT LOCK a gefensa. A wasu maɓalli ne a fili. Idan sandar giyar a jikin sitiyari take, a nemi murfin a can. Mutane da yawa sun shekara da mota ba su san amfanin wannan murfi ba.

Kafin a taɓa shi, a ja birkin hannu har ƙarshe. A sa dutse ko waji a gaba da bayan taya. A kori yara da dabbobi daga gaban mota da bayanta. Dalili shi ne, da zarar sanda ta bar P, sakatar giyabos ta saki, ba abin da ke riƙe da mota sai birki. Kuma idan inji ba ya aiki, birkin ƙafa yakan yi tauri bayan taku biyu ko uku.

Sai a ɓamɓare murfin da bakin sukundireba. A taka birki a riƙe. A zura sukundireba ko makullin motar cikin ramin, a danna ƙasa. Ana danne da shi, a danna maɓallin sanda da ɗaya hannun, a ja ta zuwa N. Ba a bukatar ƙarfi. Idan an danna wurin da ya dace, sanda za ta zo salin alin. A zare sukundireba. A ta da inji a kan N. Ƙafa tana kan birki, a sa wani ya cire duwatsu, a sa D, a sauke birkin hannu.

A tuna cewa ba a gyara komai ba. Da an mayar da sanda kan P za ta sake maƙalewa. Abin da ya fi wannan muni shi ne, idan fiyus ko makunni ne ya mutu, motar tana tafiya ba wutar birki. Wanda ke biye ba zai san an tsaya ba. A kan titin Katsina zuwa Kano, inda tirela da tankar mai ke bin ƙananan motoci, wannan ganganci ne, balle da dare. Idan tilas ta sa a fita, a tafi sannu, a kunna fitilun haɗari masu ƙyaftawa dama da hagu, a riƙa rage gudu tun daga nesa. A sauke mara lafiya, sannan a wuce gareji. Direba ya gaya wa makanike abin da ya gani, alal misali: "Oga, danja ba ta kamawa, na duba fiyus lafiya yake." Wannan magana kaɗai za ta rage masa ɓata lokaci da ɓata kuɗi.

Wasu sababbin motoci ba su da sanda irin wannan. Giyarsu maɓalli ce ko abin murɗawa. Hanyar sakinsu daban take, kowace da tata. A duba littafin motar, ko a bar wa wanda ya san ta.

Idan a kan gangara aka ajiye ta

Akwai wata maƙalewa da ba ta da alaƙa da wuta ko kaɗan. Danja tana kamawa, ana jin ƙas, sanda tana ɗan motsi, amma ta yi nauyi ta ƙi fita. A fito a dubi inda mota take. Idan hancinta ko bayanta yana kallon gangare, kamar bakin kududdufi, ko gefen titi, ko zaizayar da damina ta bari a ƙofar gida, to an gano dalili. Nauyin motar duka ya kwanta a kan sakatar giyabos. Kamar ƙyauren da aka jingina wa buhunan gero ne: sakatarsa ba za ta zaru ba sai an ɗan tura ƙyauren.

Maganinsa shi ne a rage mata nauyin. Direba ya zauna ciki, inji yana aiki. Mutum uku ko huɗu su tura motar ta wajen tudu. Ba tafiya ake so ta yi ba, ɗan motsi kamar faɗin tafin hannu ya isa. Direba ya sassauta birki su tura, da ya ji ta ɗaga sai ya taka birki sosai, ya ja sanda. Wani lokaci za a ji ƙara mai ƙarfi daga ƙasa. Sakatar ce ta fita. Masu turi su tsaya ta gefe gwargwadon iko, wani kuma ya riƙa bin taya da dutse, don kada mota ta dawo kansu. Idan gangaren ya yi tsanani, a ja ta da wata mota ta wajen tudu, a hankali.

Wannan matsala daga wajen fakin take farawa. Masu otomatik da yawa sun daina jan birkin hannu, suna ganin P ta wadatar. Ga yadda ya kamata: a tsaya cak, ƙafa tana kan birki. A sa N. A ja birkin hannu. A sassauta ƙafa har mota ta zauna a kan birkin hannun. Sannan a sake taka birki, a sa P. Wajen tashi kuma a taka birki, a sa giya, sannan a sauke birkin hannu. Kada a taɓa sa P mota tana motsi, ko da a hankali take tafiya. Sakatar takan lanƙwashe ko ta karye, gutsurenta ya faɗa cikin giyabos. A nan ne za a sauke giyabos da gaske.

Idan sanda tana yawo

Wani lokaci akasin haka ake gani. Sanda tana tafiya sako-sako daga P har D, amma mota ba ta amsawa, harafin da ke gaban sitiyari kuma bai canja ba. Wannan igiyar ƙarfe ce da ta haɗa sanda da giyabos ta zare, yawanci don 'yar robar da ke bakinta ta cinye. Haɗarinsa shi ne sanda tana iya nuna P alhali giyabos yana wani wuri. A ja birkin hannu, a sa duwatsu, a kira makanike. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Haka nan kada a ɗaura igiya a ja mota mai nisa tana kan P, tayoyi suna jan ƙasa. Ko a kan N ma, idan inji a kashe yake, famfon man giya ba ya aiki, kayan ciki suna gogar juna ba isasshen mai. Matsar da ita daga tsakiyar hanya zuwa inuwa ba laifi. Amma daga Sukuntuni zuwa Katsina, gara a ɗauko makanike a kan babur, ko a ɗora motar a kan janwe.

Mai shirin sayen motar hannu shi ma ya yi gwaji ɗaya tun a wurin dillali. Ya ja birkin hannu, ya murɗa makulli, ya gwada jan sanda ba tare da taka birki ba. Idan ta fita daga P, to wani ya cire sakatar ko ya ɗaure ta, maimakon ya gyara abin da ya lalace. Ya sa a gyara kafin ya biya, musamman idan a tsakar gida mai yara motar za ta riƙa kwana.